Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Shagunan Kafe: Ku Daina Ɗora Sunan Yaranmu A Kan CV Ɗin Wani

Zuwa ga 'yan'uwana masu shagunan kafe da buga takardu, na Kabuga da titin Gwarzo a Kano, na Samaru da Kongo a Zariya, na Tudun Wada a Kaduna, da duk mai kwamfuta da injin fotokofi a bakin ƙofar wata makaranta a Arewa.

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya kasuwa, ya fama da rashin wuta da tsadar man janareta? Allah Ya sa albarka a nema.

Ni ma'aikaci ne a sashen ɗaukar ma'aikata na wani kamfani mai zaman kansa a Kano. Idan an tallata gurbi, ni ake tara wa takardun masu nema in tace su, in fitar da waɗanda za a kira intabiyu. Na daɗe a kan wannan kujera. Ban san yawancinku a fuska ba, amma na san hannunku. Sau da yawa kafin in kai tsakiyar takarda na gane cewa kwamfuta ɗaya ce ta haife ta da wadda na ajiye yanzun nan. Na so in rubuta wa shugabannin jami'o'i, su ma da nasu kason a wannan magana, sai na ga in ana neman wanda alƙalamin yake hannunsa da gaske, ku ne. A abin da idona ya gani, CV ɗin da matasanmu ke yawo da shi ofis-ofis, wato takardar da mai neman aiki ke bayyana karatunsa da ayyukan da ya taɓa yi, a shagonku aka rubuta shi.

Na san yadda abin yake faruwa, domin na sha zama a bencinku. Yaro zai shigo da ambulan mai ruwan ƙasa a hammata, gobe ake rufe karɓar takardu. Mutum shida na bayansa, wani fotokofi yake so, wata rajistar jarabawa ta zo yi, janareta na ta ƙugi a waje yana shan mai. Sai mai aiki ya buɗe wani tsohon fayil, ya goge sunan mai shi, ya ce, “Sunanka? Ranar haihuwa? Jiha? Ƙaramar hukuma? Wace makaranta ka yi?” Minti biyar an gama, an buga, an maƙale. Yaro ya karɓa da murna don ya ga Turanci ya cika shafi. Bai karanta ba, ko ya karanta ma ba zai ja da kai ba, domin a wurinsa kai ne masani.

Ga abin da ke isowa teburina. Jimlar farko iri ɗaya ce a kusan kowace takarda: wai burin mai ita ya yi aiki a wurin da zai ba da gudummawa ga ci gaban ma'aikata tare da ƙara gogewa. Kowa mai hazaƙa ne, kowa yana aiki ba sai an sa masa ido ba, kowa yana jure matsi. Abin sha'awar kowa karatu da tafiye-tafiye da haɗuwa da sababbin mutane. Na ga takardar mace an bar mata “namiji” a wurin jinsi. Na ga mai neman aikin akanta wanda takardarsa ta ce babban burinsa ya zama malamin makaranta. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta wani yaro mai kyakkyawan sakamako da muka yanke shawarar kira. Na buga lambar da ke jikin takardar, wani magidanci ya ɗauka daga wani gari, ya ce shi bai nemi aiki a wurinmu ba, bai ma san mai wannan suna ba. Lambar mai tsohon fayil ɗin ce aka manta ba a goge ba. Babu imel a takardar. Har yau yaron nan bai san an taɓa nemansa ba, wataƙila yana can yana cewa ba shi da ƙafa ne.

Idan takardu ɗaruruwa ne a gabana kuma gurbi biyu ne, kallon farko da nake yi wa kowace ba ya kai minti ɗaya. Abu ɗaya nake nema a cikin wannan ɗan lokaci: mene ne wannan mutum ya taɓa yi da hannunsa wanda ya yi kama da aikin da muke so a yi mana? Tsohon fayil ɗinku ba shi da wannan amsa, domin ba a yi wa yaron tambayar ba.

Bari in ba ku labarin wata yarinya. Muna neman mai kula da sito da lissafin kayan da ke fita. Takardarta ba ta da komai sai makarantu da shekarar hidimar ƙasa, da waccan jimla ta buri da na faɗa muku. Da ba don waɗanda muka fara kira ba su cika ba, da ba ta shigo ɗakin ba. Ta zauna a bakin kujera, hannuwanta cikin hijabi. Abokiyar aikina ta tambaye ta, “Tun da kika gama hidima me kike yi?” Ta sunkuyar da kai ta ce, “Ba komai, ina gida ina taya Mama.” Aka ce taya ta me? Sai a hankali magana ta fara fitowa. Mahaifiyarta man gyaɗa take yi da ƙuli, kuma ita yarinyar ce ke riƙe da littafi shekara uku. Ita ta san buhun gyaɗa nawa aka sayo, jarka nawa ta fito, wane mai shago ya karɓa bashi, wa ya biya, wa ya yi jinkiri. Da littafin ya fara rikicewa sai ta mayar da lissafin cikin Excel a wayarta. A farkon shekarar 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya sa takardar kuɗi ta yi wuya, ita ta bi masu shagunan ɗaya bayan ɗaya ta mayar da su biya ta taransifa, kuma ba su yi asarar ko jarka ɗaya ba. Muka kalli juna ni da abokiyar aikina. Aikin da muka tallata ke nan, ta shekara uku tana yinsa, ita kuma tana kiransa “ba komai”. An ɗauke ta, tana nan har yanzu.

Da wanda ya buga mata takarda ya tambaye ta abin da muka tambaye ta, da layi biyu sun wadatar: ta riƙe lissafin saye da sayarwa da na bashi a sana'ar man gyaɗa ta gida daga shekara kaza zuwa kaza, tana lura da asusun shaguna kaza, ta mayar da lissafin daga littafi zuwa Excel. Da na ga wannan, ita zan fara kira.

Na yi ta tunanin me ya sa yaranmu ba sa faɗi sai an tono. Tarbiyyarmu ce. Tun muna ƙanana aka koya mana cewa yabon kai jahilci ne, kuma mai kunya ba ya zama gaban manya ya ce ni na yi kaza. Ina son wannan hali, ba na fatan ya bar gidajenmu. Sai dai faɗin abin da ka iya ga wanda yake neman mai iyawa ba ya cikin yabon kan da aka hana. A Suratu Yusuf, aya ta 55, Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da bakinsa ya nemi sarki ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma faɗi dalili, cewa shi mai tsarewa ne, masani. A Suratul Ƙasas, aya ta 26, 'yar dattijon Madyana ta ce wa mahaifinta ya ɗauki Annabi Musa aiki domin mafi alherin wanda za a ɗauka shi ne mai ƙarfi, amintacce, kuma ta faɗi haka ne bayan ta ga yadda ya shayar musu da dabbobi a bakin ruwa. Aiki ta gani kafin ta yi shaida. Mu ma da muke tace takardu abin da muke so mu gani ke nan. Yaron da kunya ta ɗaure masa baki yana bukatar wanda zai tambaye shi cikin harshensa, a wurin da ba ya jin tsoro, kuma shagonku ne wannan wuri. Da ku yake sakin jiki, ku yake kira “Oga” ko “Yaya”, mu kuwa sai ya shigo yana rawar murya.

To me za ku tambaye shi? Ku fara da talla. Ku ce ya nuna muku sanarwar aikin a wayarsa, ku karanta tare, ku ga me ake nema. Takardar da za a kai banki daban take da wadda za a kai makarantar kuɗi ko ƙungiyar agaji, ko da mutum ɗaya ne mai su. Daga nan ku bi rayuwarsa a hankali. Ɗaliban kimiyya da injiniya da noma da makamantansu suna fita koyon aiki a ƙarƙashin shirin SIWES, wanda hukumar horar da ma'aikata ta ITF ta fara tun 1973, abin da yara ke kira IT. Kada ku tsaya a rubuta sunan wurin da watanni. Ku ce masa, “Da ka je, me aka sa ka yi? Wace na'ura ka taɓa? Me ka iya a ƙarshe wanda ba ka iya ba da farko?” Haka shekarar hidimar ƙasa, wadda ita ma gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973. Yawancin masu hidima makaranta ake tura su. To wane darasi ya koyar, aji nawa, ɗalibai nawa, ya shirya su wata jarabawa? A ƙungiyar raya al'umma da yake zuwa mako-mako, zuwa kawai yake yi ko shi ne sakatare? Ya koyi wata sana'a a shirin SAED da hukumar hidimar ƙasa ta shigo da shi a 2012? A zaɓen 2023 masu hidima da yawa ne suka jagoranci rumfunan zaɓe, suka riƙe na'urar BVAS, suka tantance masu zaɓe, suka ƙirga ƙuri'a a gaban wakilan jam'iyyu da taron jama'a, suka cike takardar sakamako. Wanda ya yi wannan ya nuna natsuwa da riƙon amana a wuri mai zafi, kuma na ga da yawa da ba su rubuta ba sai a baki muka ji.

Kada kuma ku raina abin da ba shi da kwali. Wanda ya tsare wa yayansa shago a Kantin Kwari ya san ciniki da haƙuri da mai saye. Wanda ya zauna a Farm Centre yana gyaran waya, wanda ya bi mahaifinsa Dawanau yana rubuta awo da lodin buhuna, wadda ta riƙe POS a bakin layi tana daidaita kuɗi kowane dare, wadda ta bi gida-gida a aikin rigakafin shan inna tana lallashin iyaye tana cike takardar ƙidaya, wanda ya koyar a Islamiyya shekara biyar, wanda ya yi N-Power tun rukunin 2016, duk aiki suka yi. A rubuta shi da sunansa na gaskiya, da shekarunsa, da adadi inda mai shi ya san adadin. Idan bai sani ba a bar shi haka, kada a ƙirƙiro masa.

Harshe ma dukiya ce da ake zubarwa a ƙasan shafi ko a manta da ita gaba ɗaya. Ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Maiduguri da Damaturu da Yola suna bukatar mai jin Hausa da Barbarci ko Fulatanci. Kamfanin da ke sayar da taki ko maganin feshi yana bukatar wanda zai zauna da manomi a gindin bishiya su fahimci juna. Wanda ya tashi a kan iyaka yana jin Faransanci, wadda take karanta Larabci da ajami, a rubuta, a kuma faɗi iya matsayinsa: magana kawai ko har da rubutu.

Akwai kuma abin da ya kamata ya fita. Addini da ƙabila da tsayi da yawan 'ya'ya ba su da aiki a takardar da za a kai kamfani. Jiha da ƙaramar hukuma suna da muhallinsu, domin aikin gwamnatin tarayya yana bin tsarin raba daidai da sashe na 14(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanada, kuma akwai hukuma guda da aka kafa don sa ido a kansa. A can dole a faɗa, har da takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma. Amma ni a kamfani abin da ya dame ni shi ne a ina kake zaune yanzu, za ka iya isowa Sharaɗa ko Challawa ƙarfe takwas na safe? Makarantar firamare ba sai ta ci layi uku ba ga mai digiri, sai in an nema. A fara da na baya-bayan nan a gangara zuwa na da. Ga wanda ya gama makaranta kwanan nan shafi ɗaya ya isa, biyu iyaka. Ado da launuka da zanen fure a gefe ba sa ƙara komai. Masu shaida kuwa, kada a sa sunan farfesa ko mai sarauta don girmansa alhali bai san yaron ba. Na sha kira a ce mini, “Wa ke nan?” Gara malamin da ya duba masa aikin binciken kammala karatu, ko shugaban makarantar da ya yi hidima, a kuma sanar da su tukuna.

Yanzu ga ɓangaren da kuka fi ni sani, wato na'ura. Kuna tuna ranar 15 ga Maris 2014, lokacin da aka tara masu neman aikin hukumar shige da fice a filayen wasa, mutum sama da dubu ɗari biyar suka nema a kan guraben da ba su kai dubu biyar ba, aka rasa rayuka a turmutsutsu a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin. Yau yawancin irin wannan nema ta intanet ake fara shi, wato layin ya taso daga filin wasa ya dawo ƙofar shagonku. Manyan kamfanoni da ƙungiyoyi da yawa suna da manhajar da ke fara karanta takardu kafin idon mutum ya kai kansu. Tana ciro suna da makaranta da ayyuka, tana ba mai tacewa damar neman kalmomin da aka sa a talla. Idan kuka buga takarda kuka sake ɗaukar hotonta kuka tura, kun tura hoto ne, kuma sau da yawa manhajar ba za ta tsinci komai a ciki ba. Haka akwatuna da ginshiƙai biyu da rubutu a cikin zane suna rikita ta. A rubuta a Word a miƙe, a mayar da shi PDF kai tsaye, a gwada a ga ana iya kwafar rubutun. A sa wa fayil sunan mai shi. Ina samun fayiloli da yawa masu suna ɗaya, wasu ma da sunan wani mutum daban.

Maganar imel ita ce ta fi ba ni takaici. Kuna buɗe wa yaro adireshi don a samu a cike fom, ku sa kalmar sirrin da ku kaɗai kuka sani, wani lokaci ma da lambar wayarku. Ya tafi gida bai san yana da akwati ba. Mu kuma can muke aika gayyata, da rana da lokaci. Don Allah ku buɗe masa da sunansa na gaskiya da lambarsa, ku saka masa a wayarsa kafin ya tashi, ku aika masa saƙon gwaji ya buɗe a gabanku, ku ce masa ya riƙa dubawa kullum har da akwatin da saƙonnin banza ke faɗawa. Wanda kuma ya zo da adireshin da ya buɗe yana sakandare da laƙabin da abokai ke kiransa, ku ba shi shawara ya yi sabo.

Sai suna. Muna da Muhammad da Mohammed da Muhammed, muna da A'isha da Aishatu, muna da wanda ya sa sunan garinsu a sakandare ya cire a jami'a. Mutum ɗaya sai ka same shi da rubutu uku a takardu uku, kuma wanda ke tantancewa a Legas ko Abuja bai san duk ɗaya ba ne. Ku karɓi kwalinsa da katin NIN ku kwafa harafi da harafi. Idan sun saɓa, ku faɗa masa ya je ya gyara ta hanyar da doka ta tanada tun kafin a kira shi.

Wannan ya kawo ni ga abin da ba na son faɗi amma dole. Wasu daga cikinku, ban ce duka ba, suna rage wa mutane shekaru, suna ƙara musu wuraren aikin da ba su taɓa takawa ba, wasu har suna taɓa sakamako. Na san yaron ne yake roƙo. Yajin aikin malaman jami'a ya ci masa lokaci, na 2020 ya kai wata tara, na 2022 wata takwas, ga talla ta ce kada a wuce shekara kaza. Ina jin zafin wannan, kuma ni a ra'ayina iyakar shekarun da wasu ma'aikatu ke sawa zalunci ce ga ɗan talakan da ya yi makarantar gwamnati. Amma ranar haihuwarsa tana kan NIN, tana kan BVN, tana wurin JAMB da WAEC. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a zamanin nan ya ƙara ƙurewa. Na ga wanda aka sallama bayan ya fara aiki ya fara ɗaukar nauyin iyayensa, saboda layi ɗaya da aka ƙara masa a shago. Shi ya kwashi kunyar, wanda ya buga masa ko labari bai ji ba. Haka masu sa manhajar ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT ta rubuta gaba ɗaya ba tare da an ba ta bayanin mutum ba: tana cike gurbi da ƙwarewar da ba shi da ita, ranar intabiyu a tambaye shi ya yi shiru. Ku yi amfani da ita wajen gyaran Turanci in kuna so, amma abin da za a gyara ya fito daga bakin mai shi.

Shi kansa tsohon fayil ɗin nan da kuke gogewa, na wani ne. Akwai sunansa, da ranar haihuwarsa, da adireshin gidansu, da lambarsa. A kwamfutocinku akwai hotunan katin NIN da kwalaye da fasfo na mutane barjat, kowa ya zauna zai iya buɗewa ko ya kwasa a filashi. Da irin waɗannan bayanai 'yan damfara ke kiran mutum su ce an ɗauke shi aiki ya turo kuɗin fom. Tun watan Yunin 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a da hukumar da ke kula da ita, amma ko babu doka wannan amana ce. Ku tura wa mutum fayil ɗinsa ta imel da WhatsApp, har da na Word don ya iya gyarawa gaba, sannan ku goge naku yana kallo. Idan kuna son samfuri, ku yi fanko wanda ba sunan kowa.

Na san abin da za ku ce. Za ku ce lokaci kuɗi ne, kuma kuɗin buga shafi ɗaya ba zai biya zaman minti ashirin ba. Gaskiya ne, ban kuma ce ku yi kyauta ba. Ku raba aikin biyu: bugu daban, rubutawa daban, kowanne da farashinsa a rubuce a bango. Mai gaggawa ya zo da nasa a buga masa, mai son a zauna da shi ya dawo da yamma in layi ya ragu. Wanda aka kira intabiyu ta dalilin takardar da ka rubuta masa, abokan karatunsa duk wurinka zai turo su. Kuma cikin yaran shagonku akwai wanda ya fi iya Turanci da haƙurin sauraro, a ware shi ga wannan.

Za ku kuma ce, kamar yadda yaran da kansu ke cewa, ai duk wahalar banza ce, aiki sai da hanya. Ba zan musa muku ba, akwai wannan. Har Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti a 2023 ya binciki sayar da guraben aiki a ma'aikatun tarayya, kuma kowa ya ji abin da aka faɗa a zaman. Amma ba kowace ƙofa ce haka ba. Mai kamfani da kuɗinsa ya zuba, yana son wanda zai tsare masa sito kada kaya su ɓace. Mai makarantar kuɗi yana son wanda iyaye za su yaba. Mai asibiti, mai gidan mai, mai gona, ƙungiyar da masu ba ta tallafi ke bin diddigin kowane ɗauka, duk suna karanta takarda, ni shaida ne domin ni nake karantawa. Ɗan mai hanya bai damu da abin da aka rubuta masa ba. Wanda takardar ta zame wa komai shi ne ɗan da mahaifinsa ya sayar da amfanin gona ya biya masa kuɗin makaranta, wanda bai san kowa a ofis ba, kuma shi ne yake zama a bencinku.

Roƙona na ƙarshe ƙarami ne. Kafin ku maƙale takardar ku karɓi kuɗi, ku miƙa masa ya karanta a gabanku, layi bayan layi. Ya karanto lambar wayarsa da ƙarfi, ku buga ta ku ji ta yi ƙara a aljihunsa. A kan kowane layi ku ce masa, “In aka tambaye ka wannan, me za ka ce?” Ya amsa muku da Hausa. Layin da ya yi wa bayani ku bar shi, wanda ya tsaya yana kallonku a kansa ku cire, ku sake tambayarsa me kuma ya taɓa yi.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani mai tace takardun neman aiki,
Kano.